Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbu? Darasi Daga Anand da Maraɗi

A watan Nuwamba, kasuwannin ƙauyukan Katsina da Jigawa da Damagaram cike suke da hatsi. Gero da dawa da wake suna shigowa a amalanke da bayan babur, 'yan awo suna ta cika buhuna, manyan motoci kuma suna jiran lodi zuwa Dawanau. Farashi a lokacin yana ƙasa, kuma manomin da ya kawo kayan ya san da haka sarai. Yana sayarwa ne don mai bashin taki ya matsa, ga kuɗin makarantar yara, ga auren 'ya da aka ɗaga sai bayan girbi, ga wanda ke kwance a asibiti. Bayan wata bakwai ko takwas, damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai ka ga mutumin nan ya dawo kasuwar da kwano a hannu yana awon irin geron da shi ya noma, da tsadar da wata shekarar takan kai ninki. Kuɗin awon ma daga ƙwadago ya samo su a gonar wani, ya bar tasa ciyawa tana ci. In ƙwadagon bai samu ba, sai ya nemi falle, a ba shi dami ɗaya ya biya biyu da kaka. Baɗi kuma a sake.

Labarin ya daɗe. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, abin da ta tarar ke nan: masu hali a cikin ƙauyen suna rufe rumbunansu sai farashi ya hau, marasa hali kuwa suna sayarwa tun da kaka, da damina su koma yi wa masu halin aiki, har talauci ya hana wasunsu noma gonakinsu. A shekarar 2005, lokacin da yunwa ta faɗa wa Nijar, jihar Maraɗi, wadda ita ce rumbun ƙasar, tana cikin inda aka fi kwantar da yara masu tamowa. Hatsi yana nan a kasuwa. Kuɗin buhu ne ya ninka ya fi ƙarfin waɗanda suka noma shi.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya na 2022 sun nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, suna cikin talauci ta fuskoki da dama: abinci, lafiya, ilimi, ruwa, muhalli. A birane kashi 42 ne, a karkara kashi 72. Miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa, kuma a Jihar Sakkwato abin ya kai kashi 91. Wato mafi yawan matalautanmu su ne masu ciyar da mu.

Idan ana maganar jari-hujja, hankalin mutane yakan tafi manyan bankunan Amurka da Ingila. A ƙauye fassararsa gajera ce: mai jari yana iya jira, marar jari ba ya iyawa. Mai sito da mota da kuɗi a hannu shi ke cin ribar watannin da ke tsakanin kaka da damina, da ribar nisan da ke tsakanin gona da birni, da ribar da ke tsakanin shanshera da shinkafar da aka gyara. Ba na cikin masu ɗora wa ɗan kasuwa laifin komai. Aiki yake yi na gaske, yana ajiya, yana sufuri, wata shekarar ma ya tafka asara. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: dole ne wannan aikin da ribarsa su kasance a hannun mutum ɗaya? Ba zai yiwu su zama na manoma ɗari biyar a haɗe ba? An gwada amsa wannan tambaya a wurare da yawa. Wasu gwaje-gwajen sun ƙara jefa talaka cikin wahala, wasu sun fitar da shi, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana da sauƙin ganewa.

Lokacin da gwamnati ta karɓe makulli

Amsar farko da aka bayar a Afirka ita ce a kori ɗan kasuwa, gwamnati ta maye gurbinsa. Mu a Arewa mun ga irin tamu. Tun 1949 Turawan mulki suka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 kuma aka mayar da harkar hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanke farashi a farkon kaka, wakilanta masu lasisi su saya, a tara dalar gyaɗa a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. An ce rarar da ake riƙewa ajiya ce don a tallafa wa manomi ranar da kasuwar duniya ta faɗi. A aikace ta zama haraji na biyu a kan manomi. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, ba a musu, amma wanda ya sha rana bai da ta cewa kan farashi ko kan inda rarar za ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka haɗu da kuɗin man fetur, sai harkar ta durƙushe. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin gaba ɗaya, aka bar manomi shi da kasuwa, ba a gina masa komai a gurbinsu ba.

Labarin Tanzaniya ya fi ban tausayi, domin wanda ya jagorance shi mutum ne mai gaskiya da ƙaunar talaka. A watan Fabrairun 1967 Julius Nyerere ya shelanta manufar Ujamaa a Arusha: mutane su zauna a ƙauyuka, su yi noma tare, su raba amfani tare. Tun kafin shelar, akwai wasu manoma a yankin Ruvuma, kudancin ƙasar, da suka fara irin wannan zama don raɗin kansu a ƙauyen Litowa. Suka bunƙasa zuwa ƙauyuka fiye da 15, suna da makarantarsu da injin niƙa da na yankan katako, su ke zaɓen shugabanninsu. Nyerere da kansa yana yabonsu. Amma a 1969 jam'iyya mai mulki, TANU, ta haramta ƙungiyar tasu ta ƙwace kadarorinta, saboda ba ta ƙarƙashin ikon jam'iyya. Daga 1973 komawa ƙauyukan gwamnati ya zama dole, aka kwashi miliyoyin mutane, wasu a motocin soja, aka sauke su a wuraren da ba su san ƙasar ba. A 1976 kuma aka rushe ƙungiyoyin gama kai na manoman gahawa da auduga, waɗanda wasunsu, kamar na Kilimanjaro, tun shekarun 1930 suke, aka miƙa cinikin ga hukumomin gwamnati. Makarantu da ɗakunan shan magani sun yaɗu a zamanin, wannan abin yabo ne. Noma kuwa baya ya ci, har dai aka dawo da ƙungiyoyin a shekarun 1980, amma ba su sake komawa yadda suke ba.

To, duk wanda zai yi mana wa'azin gurguzu ya fara da bayanin Litowa. Manoma sun gina abinsu yana tafiya, masu da'awar ceton manoma suka rushe shi.

Madarar Anand

A shekarun 1940, a gundumar Kaira ta jihar Gujarat a Indiya, kamfanin Polson ne kaɗai gwamnatin mulkin mallaka ta ba izinin tara madara yana kai wa birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai. Masu kiwon ƙananan manoma ne, mai ɓauna ɗaya, mai biyu, irin ɓaunar gida da Indiyawa ke tatsa kamar saniya. Madara ba ta kwana, don haka duk abin da dillalin kamfani ya faɗa shi ne farashi. Da sanyi, lokacin da madara ta yi yawa, sai a karya kuɗin ko a ƙi saye.

Manoman suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yanci. Shawarar da ya ba su ita ce su kafa ƙungiyarsu, su mallaki injin gyaran madara nasu, in gwamnati ta ƙi saye daga hannunsu su daina sayarwa. Haka aka yi. Suka yi yajin kwana 15, Bombay ta rasa madarar Kaira, gwamnati ta sauko. Ranar 14 ga Disamba, 1946, aka yi wa ƙungiyar rajista a garin Anand ƙarƙashin shugabancin Tribhuvandas Patel. Da ƙauyuka biyu aka fara, da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. Ita ce ake kira Amul a yau.

A 1949 gwamnati ta turo wani matashin injiniya, Verghese Kurien, zuwa wata ƙaramar masana'antarta da ke Anand. Bai so wurin ba, yana shirin barinsa, Tribhuvandas ya roƙe shi ya tsaya ya taimaka musu da injinansu. Ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa a 2012. Matsalar da ya fara fuskanta ita ce ta rarar madarar sanyi. Masana daga ƙasashen da ke sayar wa Indiya madarar gari sun ce ba a iya busar da madarar ɓauna. Abokin aikinsa H. M. Dalaya ya nuna ana iyawa, kuma a 1955 Firaminista Nehru ya buɗe masana'antar. Daga ranar, ƙungiyar ta iya ɗaukar alkawarin da babu ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauka: duk madarar da mamba ya kawo za a saya, rani da damina. Abin da ya yi rara a mayar da shi gari da man shanu, a ajiye, a sayar lokacin ƙaranci. Ribar jira ta dawo hannun masu tatsa.

Yadda abin ke tafiya a ƙauye ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan sirrin yake. Safe da yamma mutane suna layi a ɗakin ƙungiya, mafi yawansu mata. Layi ɗaya ne ga kowa, a ƙasar da bambancin asali ya hana wasu shan ruwa a rijiya ɗaya da wasu. A gaban mai kaya ake auna madarar, a gwada yawan maiƙonta, a rubuta a katinta. Maiƙon ne ke yanke kuɗi, saboda haka wanda ya zuba ruwa kansa ya cuta. A da, kuɗin madarar safe da yamma ake biya, yanzu ta asusun banki ake turawa. Ko lita ɗaya ka kawo za a karɓa. A ƙarshen shekara, abin da ya yi saura na riba a raba gwargwadon madarar da kowa ya kawo. Wajen zaɓe kuma, mai ɓauna ɗaya da mai ashirin ƙuri'arsu ɗaya ce. Ƙungiyoyin ƙauyuka su ke zaɓen shugabannin tarayyar gunduma, mai masana'anta da likitocin dabbobi da injin haɗa abincin dabba. Tarayyar gundumomi kuma su suka kafa babbar tarayyar jiha a 1973, mai kula da talla da sayarwa a birane. Injiniyoyi da akantoci da likitoci ma'aikata ne da ake biya albashi, manoma ne iyayen gidansu.

A 1964 Firaminista Lal Bahadur Shastri ya je buɗe masana'antar abincin dabbobi, ya kwana a wani ƙauye yana hira da manoma. Da ya dawo ya nemi a yaɗa tsarin a duk faɗin ƙasar. A 1965 aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa, Kurien ya dage sai a Anand za ta zauna, nesa da ofisoshin Delhi. A 1970 aka ƙaddamar da babban shirin yaɗa tsarin, kuma dabarar da aka yi wajen samun kuɗinsa abar koyi ce gare mu. Ƙasashen Turai suna da rarar madarar gari da mai da suke son bayarwa sadaka. Da an raba ta kyauta, da ta kashe kasuwar manoman gida. Sai hukumar ta karɓa ta sayar a manyan birane, ta gina masana'antun ƙungiyoyin manoma da kuɗin. Indiya da ke samar da madara kimanin tan miliyan 22 a 1970 ta wuce Amurka a ƙarshen shekarun 1990 ta zama ta ɗaya a duniya, yanzu kuma ta haura tan miliyan 230 a shekara. Tarayyar Gujarat kaɗai tana da mambobi kimanin miliyan 3.6 a ƙauyuka fiye da 18,000, kuma ta ce wajen kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da mai saye ya biya a kanti yana komawa ga manomi.

Masu sha'awar finafinan Indiya a cikinmu, kuma muna da yawa, su nemi wani fim mai suna Manthan na 1976 wanda Shyam Benegal ya shirya a kan wannan gwagwarmaya. Manoma 500,000 ne suka ba da rupi bibbiyu, kuɗin Indiya, aka yi shi.

Amul ba ta rasa aibu ba. 'Yan siyasa suna kokawa a kan kujerun shugabancinta, Kurien ma saɓani da shugabannin tarayyar ne ya sa ya ajiye muƙaminsa a 2006. Wanda bai da dabba ko inda zai samo ciyawa, kaɗan yake amfana. A wasu jihohin Indiya da aka kwaikwayi tsarin amma aka ɗora jami'an gwamnati a kai, abin bai yi albarka irin ta Gujarat ba, wanda hakan ma ƙarin hujja ce. Duk da haka, ga kamfani da ke gogayya da manyan kamfanonin duniya a kasuwa ɗaya, yana cin riba, amma babu wani attajiri da ya mallake shi, kuma ba na gwamnati ba ne.

Mu kuma da muke da miliyoyin shanu, Babban Bankin Najeriya ya taɓa ƙiyasta cewa muna kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara. An gwada kwaikwayon Anand a Kaduna da tarayyar makiyaya ta MILCOPAL, kuma akwai kamfanoni masu tara madara a rugage a Kano da wasu jihohi. Duk mai son faɗaɗa wannan ya riƙe abu ɗaya: a gidan Bafulatani nono na mace ne, da shi take cefane da suturar 'ya'ya. Shirin da zai rubuta sunan maigida ya riƙa biyansa kuɗin madara, ya ƙwace wa mata sana'arsu ke nan da sunan ci gaba.

Akwatin mata da siton kwaɗo biyu

Ba sai an je Indiya kaɗai ba. A 1991, a ƙauyukan jihar Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani shiri tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes. Sunan shirin Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da iyayenmu mata suka gada, sai dai an yi masa gyara. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako, kowacce ta zuba abin da aka amince, kuɗin su shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe kamar a adashi, wadda ke da buƙata ta ranta, ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, ta dawo da shi da ɗan ƙari. Akwai kuma ƙaramin asusu na jaje, don rashin lafiya ko rasuwa ko gobara. In shekara ta zagayo a fasa, kowacce ta ɗauki zubinta da rabonta na riba, galibi ana daidaita fashin da gabatowar damina ko salla. Ko sisi ba a kawo musu daga waje ba, horo kawai aka ba su.

Wannan dabara da aka haifa a ƙasar Hausa ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya, mambobinta miliyoyi ne. A Nijar ɗin kanta, wasu ƙungiyoyin sun haɗu sun kafa bankunan hatsi, wasu matan da suka koyi magana a gaban jama'a a wajen zubi sun tsaya takarar kansila sun ci. Amma kada a ɗora wa akwatin abin da ya fi ƙarfinsa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 a kan irin waɗannan ƙungiyoyi a Gana da Malawi da Yuganda ya gano sana'o'in gida sun ƙaru, muryar mata a gida ta ƙaru, amma abin da iyali ke ci da kashewa bai canja sosai ba. Talaka da talaka in sun haɗa kuɗi, kuɗin talakawa ne dai. Akwatin yana hana a sayar da akuya saboda zazzaɓin yaro. Ba ya sayen injin casar shinkafa.

Abin da ya tunkari matsalar kaka kai tsaye shi ne tsarin da ake kira warantaj a Nijar, wato jinginar amfanin gona, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka, mambobin ƙungiya su kai buhunansu sito ɗaya, kowane buhu da sunan mai shi. A rufe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da rance, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Bankin ya ba da kuɗi kimanin kashi 70 zuwa 80 na darajar kayan a farashin kaka. Manomi ya biya buƙatunsa, ya yi noman rani ko kiwon rago da sauran. Wajen watan Mayu ya biya bashi, a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa. In ya ga dama ya sayar a farashin bazara ya sayi taki da iri, in ya ga dama ya kai gida a ci har sabo ya fito. Ga wake, wanda ƙwari ke cinyewa cikin 'yan watanni, buhun nan mai ninki uku da masanan Jami'ar Purdue suka ƙirƙira, wanda ake ƙerawa a Kano, ya sauƙaƙe ajiya ba tare da zuba guba ba.

A gundumar Bungoma ta ƙasar Kenya an gwada ba manoman masara rance da kaka don su iya riƙe kayansu. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna ribar da suka samu ta kai kimanin kashi 29 cikin ɗari na abin da aka zuba. Wani abin da ya fi burge ni a binciken: a yankunan da masu ajiyar suka yi yawa, farashin kaka ya ɗan tashi, tazarar da ke tsakaninsa da na lokacin yunwa ta ragu, har waɗanda ba su karɓi rancen ba suka amfana.

Na san tambayoyi biyu da mai karatu zai yi, kuma suna kan hanya. Ta farko, wannan ba ɓoye abinci ba ne da addini ya hana? Malaman fiƙihu da dama sun bambanta tsakanin wanda ya ajiye abin da gonarsa ta ba shi da wanda ya bi kasuwa ya saye abinci don ya ƙuntata wa jama'a. Hatsin da ya zauna a siton ƙauye ma, a ƙauyen zai fito ranar buƙata, ba sai an sayo shi daga birni an biya kuɗin mota sau biyu ba. Ta biyu ita ce kuɗin ruwa, kuma ita ce ta hana mutanen kirki da yawa shiga irin waɗannan tsare-tsare. Wannan matsala ce ta gaske, kuma tana da magani. Akwai rance marar ruwa tare da kuɗin hayar sito, akwai cinikin salam, akwai murabaha inda ƙungiya za ta sayi taki ko rago ta sayar wa mamba da ribar da aka sani. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, wasu sun biyo bayansa. Abin da ya rage shi ne malamai da masana harkar kuɗi su zauna su tsara wa ƙauye abin da zuciyarsa za ta natsu da shi.

Haɗari ma akwai. Wata shekarar farashi ba ya hawa, kamar yadda aka gani a Najeriya a 2025 bayan an buɗe ƙofar shigo da hatsi, inda masu ajiya da yawa suka yi asara. Shi ya sa ba a ba da rancen duka darajar kaya, shi ya sa kuma gwamnatin da ke son manoma su yi ajiya dole ta daina sauya manufa tsakiyar shekara ba sanarwa.

Abin da ya rage mana

Ƙungiyoyin gama kai ba baƙi ba ne a Najeriya, dokarsu ta farko tun 1935 take. Abin da ya ɓata musu suna shi ne yadda ake kafa su. Duk lokacin da aka ji gwamnati za ta raba rance ko taki, sai ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka su tsiro cikin dare, a rubuta sunayen 'yan uwa da yaran gida, a karɓa, a watse. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. A Anand da Maraɗi mutane sun fara zuba nasu, madara ko kuɗi ko buhu, kafin wani ya kawo musu komai. Wanda buhunsa ke cikin sito ba ya barci ranar da za a karanta lissafi.

Gwamnati tana da aikinta, kuma babba ne. Na farko tsaro. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga ke sa wa manomi haraji kafin ya shiga gonarsa, sito cike da hatsi kiran ɓarayi ne, kuma babu ƙungiyar da za ta iya maganin wannan. Sai hanyar mota, da wutar da za ta riƙe injin sanyaya madara, da masu binciken kuɗi na gaskiya da za su duba littattafan ƙungiyoyi duk shekara, da kotun da za ta ɗaure sakataren da ya ci amana ko ɗan gidan waye. Ga kuma waɗanda ba su da gona ko dabba ko buhun jinginarwa, su ƙungiya ba ta isa gare su ba. Indiya ta yi doka a 2005 da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara da kuɗin gwamnati. Mu kuma muna da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma a noman damina, ɗaya bisa ashirin a na ban ruwa, wadda masarautar Dutse da hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato suka nuna ana iya tarawa a raba cikin tsari. Zakka haƙƙin mabuƙaci ce, a damƙa masa a hannu. Waƙafi kuwa ya dace da gina sito. Attajirin da ya gina wa ƙauyensu sito mai ɗaukar buhu 500 ya miƙa wa ƙungiyar manoma, ya bar sadaka mai gudana.

Abin da gwamna da ɗan majalisa da hakimi za su yi haƙuri da shi shi ne naɗa wa ƙungiya shugaba. Mambobi su zaɓa, mambobi su tsige.

Sai ku 'ya'yan manoma da aka sayar da gero aka biya muku kuɗin jami'a. Mafi yawan ƙungiyoyin ƙauye da ke mutuwa, rashin mai riƙe littafi ne ke kashe su, da rashin wanda zai je banki ya karanta takarda kafin a sa hannu, da rashin wanda ya san farashin Dawanau na yau. Kurien injiniya ne da ya yi karatu a Amurka, ya yarda ya zama ma'aikacin mutanen da da yawansu ba su iya rubuta sunansu ba. In kana da ilimin lissafi ko na noma ko na dabbobi ko na shari'a, ka nemi ƙungiyar garinku, in babu ka tara mutum ashirin da suka yarda da juna ku fara. Ka riƙe musu littafi, ka karanta musu shi a bainar jama'a duk wata, ka bar musu shugabancin.